Motar Lantarkinka da Bijimin Uwar Yarana

Zuwa ga Alhaji, mai sayar da motoci na hannu a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da yaran shago. Ya kasuwa, ya zafi?

Ni ne Ilu na Gazawa, gajeren nan da ya zo maka da kuɗi cikin buhun taki a azumin bara, ya sayi farar motar lantarki a kan miliyan uku da rabi. Na kira ka har yatsana ya gaji ba ka ɗauka, shi ya sa na rubuto inda jama'a za su gani. A lakol aji huɗu na tsaya, mushe, malaminmu, ya ce kaina ya fi dacewa da wani aikin, don haka in ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Bari in fara da laifina, kada a ce na ɓoye. Ranar da na shigo gari da motar, na tsaya gaban teburin Sale mai esansi, wanda ke sayar da man mota a kwalabe, na sauke gilashi, na yi masa bankwana a gaban mutane, na ce daga yau tsakanina da kwalabensa sai gaisuwa. Na yi ta zagaya gari ban sa mata caji ba, tunda ka ce tana yin kilomita ɗari biyu da hamsin kafin wutarta ta ƙare. Ran nan na kwashi dattawan unguwa zuwa suna a Gangara, na kunna musu kilim, sanyin mota, har liman ya nemi mayafi. A dawowa, cikin yashi, ta tsaya. Dama ba ta da ƙara, sai da na daɗe ina taka ta kafin na gane mutuwa ta yi. Aka ɗauko gurub, injin wuta, a amalanke don a yi mata caji. Gurub kuwa esansi yake sha. Sale da kansa ya kawo a babur, ya so yi mini jaje, dariya ta hana shi.

Ka san inda kuɗin nan suka fito? Filina na bakin tasha, babura biyu da nake ba da haya, da bijimin huɗa na uwar yarana, Habsu, wanda na karɓa aro da alkawarin mayarwa kafin ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ba bijimi. Haya ta yi aka huɗe mata gona. Ga wata daminar ta matso.

Yanzu ga abin da ba ka faɗa mini ba.

Na ɗaya, babban batiri ya tsufa tun kafin ya baro ƙasarsu. Kilomita tamanin yake kai ni, a kan kwalta, da sanyin safiya, ba kilim. In aka haɗa yashi da zafin bazara sai ka rage. Da na tambayi kuɗin sabo, na zauna a ƙasa, don ya kusa rabin kuɗin motar.

Na biyu, ashe akwai wani ƙaramin batiri irin na kowace mota, kuma shi ne mai gari. Ya mutu ran kasuwa, babban yana cike, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, hulata da goro suna ciki ina kallo. Sabonsa jikka arba'in da biyar na biya.

Na uku, wayar caji. Ka ce mai ƙarfin tana hanya, in riƙe ƙaramar tukuna. Ƙaramar nan wuni da kwana take yi kafin ta cika motar, in ba a ɗauke wuta ba ke nan. Ta narka soket biyu, ta sa na sake wayoyin gida gaba ɗaya. Shekara guda ke nan mai ƙarfin tana hanya. Alhaji, a ƙafa take tahowa?

Na huɗu, tayoyi. Motar nan nauyi gare ta kamar an ɗura mata siminti, ta cinye biyu na gaba cikin wata bakwai. Makanikinmu kuma, mutumin da ke gane ciwon mota da kunne, ya buɗe gabanta ya leƙa, ya rufe, ya yi mini addu'a. Allonta yana ta rubutu da wani harshe da ko mushen da ya kore ni bai iya karantawa ba.

To, kada ka ɗauka kuka na zo yi. Albishir ne.

Da na koma tafiya a hankali don tattalin wuta, fasinjoji suka guje ni, suka ce gara jaki. Wata safiya na rage wa Inna Dije hanya, wata dattijuwar Bafillata mai kai nono kasuwa. Da muka iso ta buɗe ƙwarya, ko ɗigo bai zube ba. Ta sansana, ta dube ni. Ashe a motocin haya jarkunan esansi ake jera musu kusa da ƙore, nono da man shanu su ɗauki wari, masu fura su karya kuɗi. Tawa ba wari, ba gudu, ba jijjiga, kuma ko cikin garke na shiga saniya ba ta ɗaga kai. Kasuwa ta gaba mata biyar na tarar a bakin hanya. Yanzu kujeruna kamawa ake yi tun kafin ranar, rugagensu kuma duk suna cikin iyakar da tsohon batirinka ke iya kaiwa ya dawo. Lokacin da esansi ya yi wuya, motoci suka kwanta a tasha, ni kaɗai nake wucewa shiru da ƙore a baya. Sale ya ɗaga mini hannu, na kai shi asibiti duba surukarsa, ban karɓi ko dala ba. Gilashi kawai na sauke a daidai teburinsa, a hankali, don mutane su gani.

Ga buƙatuna. Ka aiko mini da wayar cajin da na biya kuɗinta cikin ciniki. Da ita zan yi sawu biyu a rana, matan wata rugar suna jira. Sannan duk wanda ya zo saye bayana, ka auna masa batirin a gabansa, ka gaya masa tafiyar da take yi yau, a yashinmu. Ka kuma nemo mai gyara, ko sau ɗaya a wata ya riƙa zuwa Agye ko Gazawa.

Motar ba ta sayarwa ba ce, in ma ka ji labari kana tunani. Amma bijimin Habsu yana kaina. Na tara kuɗin ƙafafu uku, in ji lissafinta, kuma ta ce ba a huɗa da uku. Ba ta faɗa, ba ta tsawa. Duk lokacin da shanu suka gifta ƙofar gida sai ta kira ni in zo in gani. Ƙafa ta huɗu tana cikin wayar cajin da ke hannunka, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya ba ka lafiya, ya buɗe kunnen salularka.

Wassalam.

Naka, Ilu mai motar nono, Gazawa, wanda har yanzu ake bi bijimi guda.