Saura Ƙwai Ɗaya, Ki Zo Ranar Laraba

Zuwa ga hasken idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin maƙogwarona, uwar 'ya'yana,

Yau kwana arba'in da tafiyarki gidan yayarki, gidanmu kuwa ya koma kamar rijiyar da ta ƙafe. Ina shiga shago in ɗauki zarto, sai in tsaya ina kallon katako kamar ban taɓa ganinsa ba. Wa zai kakkaɓe mini garin katako daga gemu? Wa zai ce mini tsoho mai rawar kai?

Na san laifina. Wancan karon, ranar da likita ya dasa wa 'yarmu Auta ƙwai a mahaifa, na ɗauka an gama, ciki ya zauna. Ban san da sauran jiran mako biyu ba. Na bi layi ina shelar na yi jika, na ɓata kwana uku ina ƙera gadon jariri. Da gwaji ya fito babu komai, ke kika zauna a falo mata suna shigowa da fara'a suna taya ki murna, kina musu murmushi, 'yarki tana kuka a ƙuryar ɗaki. Wayyo, tauraruwata! Da bakina na ƙona ku.

Kin tuna lokacin da nake zuwa makarantar yamma da furfurata? Kina riƙe hannuna a kan fensir, kina dariya wai baƙaƙena kamar kujeru masu karyayyun ƙafafu. Yau ga su sun zo miki da roƙo.

Jiya na raka Auta asibiti. Saura ƙwai ɗaya a ajiye cikin sanyi, shi za a dasa ranar Laraba. Sun nuna mini hotonsa, ɗigo ne, bai kai ƙwayar yashi ba. Wallahi zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi da ya ga ruwan farko! Jikana! Amma na ciji leɓe. Ko mai waldan da ke kusa da shagona bai ji ba. Murnar tana neman shaƙe ni, wa zan faɗa wa in ba ke ba?

Cikin yarinyar nan duk shatin allura ne. Mijinta ke yi mata allurar a gida, yana ƙoƙari, sai dai bai ƙware ba. Ba ta yi ƙorafi ba, amma a takardar asibiti, inda aka nemi sunan wanda zai shiga da ita, sunanki ta rubuta.

Ki zo, farin watana. In ba ki son ganina, zan tsaya a bakin ƙofa. Ko ya zauna ko bai zauna ba, bakina a kulle yake har sai kin ce in buɗe. An ce mai shiga ɗakin kada ya shafa turare. Ki bar naki a gida. Ƙamshin nan da na yi kwana arba'in ina kewa, zan ƙara haƙurin yini guda.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Tsohon kafintanki