Gwiwar Hagu ta Jikana Lamont

Orville Tibbs,
Lamba 418, Titin Furnace,
Carver Falls, Jihar Ohio.
Talata, 24 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Madam Loretta Szymanski,
Jami'ar Kula da Lafiyar 'Yan Wasa,
Hukumar Gasar Ƙwallon Amurka ta Ƙwararru.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: Sa ɗan wasa fili da raunin gwiwa a ƙungiyar Carver Falls

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni tsohon direban babbar mota ne. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san yadda mai kamfani ke yi da taya mai tsagewa idan babu ta canji. Lamont Tibbs jikana ne, ni na rene shi, kuma shi ke tsare wa mai jifan ƙwallo bayansa ta hagu. Ga kokena:

1. Ranar 8 ga wata, a wasan farko, wanda Lamont ke yi wa jiran gado ya karye a idon sawu. Ranar 15, na bayan Lamont ya goce a kafaɗa. A ranar ce kuma wani ƙato ya faɗo wa Lamont a gwiwar hagu. Yanzu babu kowa a gurbin sai shi.

2. An ci ƙungiyar wasa biyu cikin uku, 'yan rediyo har sun fara yi wa kakar bana jana'iza. Don haka Koci Vandergrift ya ƙi sa Lamont cikin jerin masu jinya, saboda doka ta ce wanda aka sa sai ya zauna wasa huɗu. Ranar 22 aka zuƙe ruwan gwiwar, aka yi masa allurar kashe zafi, aka tura shi fili.

3. Akwai wata al'ada a ƙungiyar nan. Duk wanda ya yi wasa da ciwo, a ɗakin sauya kaya ake miƙa masa tsohon kwanon abinci na ƙarfe, irin na ma'aikatan masana'antar garinmu, ana buga kwalkwali ana ihu. Lamont ya kawo shi gida ya ɗora kan talabijin ɗina, yana murmushi, alhali da baya-baya yake saukowa daga matakala. Da na yi magana sai ya ce, "Tsoho, ka sha maganin hawan jininka, ka bar mini gwiwata." Wa zai ce a hutar da shi bayan abokai sun ba shi kwanon nan?

4. Idan ya ƙi fita fili, a sallame shi, domin yarjejeniyarsa ta shekara ɗaya ce. Idan ya fita, ƙafar ce za ta tafi. Ni kuma idan koci ya ji na rubuto, yaron abin zai shafa. Idan yaron ya ji, ya daina taka gidana. Ko ina na juya, bango ne.

Saboda haka nake roƙon alfarma: kafin wasan Lahadi, 29 ga wata, ki turo likitan da ba ƙungiyar ke biyansa ba, ya duba duka 'yan layin gaba su biyar masu tsare mai jifan ƙwallo, kamar binciken yau da kullum. Kada a fara da Lamont, kada a ƙare da shi. A sa shi a tsakiya. Likita mai ido zai gani da kansa, ba sai an ambaci sunana ba.

Ranar Lahadi ina kujerata. Mutanen gari za su bi ƙwallo da ido, ni gwiwa ɗaya zan kalla.

Ki huta lafiya, tare da dukkan ladabi.

Naki mai biyayya,
Orville Tibbs