Rigar Sanyin Yaya Buba

Daren Talata, unguwar Amrigebe.

Yau ma harbi ya hana ni fitar da nama kasuwa. Da la'asar direban motar da ke zuwa yankin Gera ya ce mini masu bindiga sun iso gindin tudun nan mai ciyawa, inda Yaya Buba yake kiwon shanunmu. Kullum da yamma Yaya yakan taka har ƙololuwa, ya tsaya yana duban garke.

"Duk wanda suka hango a sama da kaki, harbi ne," in ji direban.

Na kasa cin abinci. Rigar sanyin Yaya tsohuwar rigar soja ce. Ni na saya a gwanjo na aika masa, don ya ce iskar can tana shiga ƙashi.

Allah ka sa a tashi da zafi gobe, ya tuɓe ta.