Famfon Kifi Ranar Awona

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kumburin ƙafa ne kawai.

Mijin nan nawa ya kai ni bango. Tun da ya kafa ƙaton tankin kifin ruwan gishiri a falo, ba ya ganin kowa. Ranar awona ya tafi zaɓen famfuna da injin da ke kwashe dattin ruwan. Wai, "Ƙaramin inji ba zai ɗauki tankin nan ba, kifin mutuwa za su yi." Ni kaɗai na hau bas da tsohon ciki!

Likita ta ce jaririyar mace ce. Ke na fara gaya wa, don shi har yau bai tambaya ba.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki