Injin ya juya, babu wanda ya gani

Assalamu alaikum Yaya Kabiru,

Ya aiki, ya Anti Hadiza da yara? Ya zaman Fatakwal? Mu nan Safana sai godiya.

Ka tuna ƙananan injinan nan masu juyawa taki-taki da muka ciro daga tsohuwar firinta, masu ɗaukar zafi su ƙone? Na haɗa musu akwatin da ke ba su wuta daidai, ba ta hawa ba ta sauka. Jiya a makaranta ɗaya ya juya lafiya lau. Na ɗago na ce, "Yaya, duba!" Ajin babu kowa. Tun da 'yan bindiga suka matsa mana, iyaye suka kwashe ɗalibaina.

Ka gaishe da kowa, ku sa mu a addu'a. In ka samu sarari ka kira ni, ko ƙarar injin ka ji.

Ƙaninka,
Lawal