Muryar Baba a Cikin 'Yar Baƙa

Litinin, 6 ga Oktoba

'Yar baƙa ta ƙi buɗewa.

Haka nake kiran had-dis ɗin da nake jonawa a laftof, wadda muryar Baba ke ciki. Sau arba'in da uku na ɗauke shi a waya a shekarar jinyarsa, yana ba da labarin zamanin da yake tuƙin babbar mota, da na iyayensa, da wane ya haifi wane. Jiya Mama tana ninke kaya, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ki kawo min maganar Babanku in ji." Shekara biyu da rasuwarsa, sai jiya ta nema. Yau na dawo daga ofis na jona. Fitilar ta kama, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa cokali a jikin kofi. Allon bai nuna komai ba. Na cire na mayar, na canza kebul, duk ɗaya.

Na yi ta gaya wa kaina ai kwafi biyu na yi. Sai da na zauna rubuta wannan na tuna inda na biyun yake. A cikinta yake.

Talata, 7 ga Oktoba

Na kunna ta ya fi sau goma kafin in tafi aiki, na dawo na ɗora. Sau ɗaya ta buɗe. Na ga foldoji biyun da idona, ASALI da KWAFI, har na ce alhamdulillahi da ƙarfi. Kwamfuta ta tambaya ko ta gyara ta, na danna e. Ta yi awa guda tana juyi tana kuka, sannan komai ya tsaya cak.

Baban yara ya ce wani abokinsa ya taɓa sa tasa a firji ta tashi. Na ce masa nama ce? Bai yi min komai ba, shi ne dai a kusa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Mama ta kira. Na ce kebul ɗin ne ya ɓata, zan sayi wani. Ƙarya ta fito min sumul, har na ji tsoron kaina.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Wata a ofis ta kwatanta min wani mai ceto bayanai, kowa Injiniya yake ce masa. Shagonsa na saman bene, sai an ratsa masu sayar da caja. Ɗaki ne ƙanƙani, fanka ɗaya, tebur cike da matattun na'urori kowace da 'yar takarda manne a jiki. Dattijo ne, tabarau a kan hanci, in ya faɗi kalma ɗaya sai ya huta kafin ta biyu. Ya jona ta, ya kara kunne, ya zare da sauri. Saurin da na ga ya yi ke nan har na fito.

"Malama, sau nawa kika kunna ta bayan ta fara kukan nan?"

Na ce biyu ko uku. Ya dube ni ta saman tabarau. Na ce ashirin.

Ya ce a ciki akwai faifai mai juyawa, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa tana karantawa ba tare da ta taɓa shi ba. Allurar ce ta gaji ta fara gogarsa. Duk kunnawa ɗaya sai ta kankare wani wuri, abin da ta kankare kuwa ya zama ƙura, ba mai dawo da shi. "Ke kina ganin lallaɓa ta kike yi, ita kuwa cin kanta take." Da na ba shi labarin ASALI da KWAFI bai yi dariya ba, gara ma a ce ya yi. Ya ce, "Makulli biyu kika yanka, kika zuba su a aljihu ɗaya."

Ya ce sai ya samo wata irinta sak, ya cire allurarta ya dasa wa tawa. Yaushe? "Sai an samu." Na sauko daga benen, na wuce inda na ajiye mota sai da na dawo baya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je gida. Auta yana can, da gemunsa da 'ya'ya biyu amma bakin nan nasa bai girma ba. Ina shiga ya ce, "Sakatariya, ina ajiyarmu?" Baba ne ya sa min sunan, don ni ce mai takardu da tsari tun ina 'yar makaranta. Na ce masa ya fara ajiye waya ɗaya ta shekara a hannunsa tukuna. Mama ta ce kai, ku dai ba kwa gajiya.

Abin da ke cina shi ne wannan. Lokacin jinya duk abin da na ɗauka ina tura wa Yaya da Auta. Bayan rasuwa suka yi ta ƙorafin wayoyinsu sun cika, ni da bakina na ce su goge, komai yana wurina a killace. Auta ya ce a bar masa kaɗan, na ce kai da kake yar da waya a mota? Na karɓa na goge da hannuna. Tawa ma na goge da na canza waya. Har da taƙama.

Yaya zai zo ran ashirin da biyar. Mama ta ce to a bari sai ya zo a ji tare. Na ce to.

Talata, 14 ga Oktoba

An samu. Injiniya ya kira ni na bar ofis ba sallama. Ya riga ya yi dashen a cikin wani akwatin gilashi mai hura iska, don ko ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a faifan an shiga uku. Yanzu 'yar baƙa tana kwance tsirara, ba murfin roba, wayoyi sun fito daga jikinta. Sai da na kau da kai, gadon asibiti ta tuna min.

A allonsa akwai ƙananan murabba'ai ba iyaka. Kore an karanta, ja ya ƙi. Ya ce sabuwar allurar ma ba za ta daɗe ba, wuraren da suka kankare za su cinye ta. Wataƙila kwana uku, wataƙila awa uku. Don haka in zaɓa.

"Wanne Mamanku za ta fi son ji? Shi za mu fara ciro wa."

Na dubi jerin. Ɗaya, biyu, uku, har arba'in da uku. Haka na sa musu suna, lamba kawai, tsaf-tsaf. Ya jira, mutumin nan ya iya jira. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ba ke kika ɗauka ba?"

Ni na ɗauka. Amma ina ɗauka ina duba caji, ina duba agogo saboda ɗauko yara, ina tunanin maganin ƙarfe huɗu. Bayan ya rasu kuwa ban taɓa kunna ko ɗaya ba. Shekara biyu ina gadin abin da ban san me ke cikinsa ba. Wannan ban gaya wa Injiniya ba, amma ina jin ya gane. Ya ce shi ke nan, zai bi wurare masu lafiya tukuna, ya bar masu ciwo zuwa ƙarshe. Inda ASALI ya lalace zai duba KWAFI ya cike da shi, tunda ba wuri ɗaya suka zauna a faifan ba. "Kuskurenki zai ɗan yi rana," in ji shi. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na kira shi sau huɗu. Na huɗun ya ce, "Malama, ba ta san kina sauri ba."

Juma'a, 17 ga Oktoba

Allurar ta mutu da hantsi.

Ashirin da biyu sun fito lafiya. Bakwai sun fito da rauni, wani ba kai, wani ba ƙarshe. Goma sha huɗu sun tafi. Na ce a sake dasa wata. Ya kai ni gaban gilashin ya nuna min faifan, da zobe fari a jikinsa inda aka goge. Ya ce a nan suke, ba abin da ya rage da za a karanta. Na tambaye shi, da ranar farko na kawo fa? Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Da an samu fiye da haka." Na gode masa da bai yi min ƙarya ba, kuma na tsane shi a lokacin.

Ya zuba min a filashi uku. Ya ce kada biyu su kwana a gida ɗaya.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Baban yara ya fita da su don in samu wuri. Na rufe ƙofa na kunna na ɗaya.

Tarin nan nasa ne ya fara fitowa, kafin magana. Ban shirya masa ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar, don ranar ni ce mai karɓar waya da nemo kujeru. Ashe Baba ban dariya gare shi haka? Yadda ya kwana biyu a ƙarƙashin mota yana jiran a kawo masa ƙarfe ɗaya, yadda wani fasinja ya bar masa akuya ya ce zai dawo, bai dawo ba har ta haihu. Ina wurin aka faɗi duk wannan. Ina ina?

Sai na ashirin da takwas, cikin masu raunin. Ya fara labarin ranar da aka haife ni, yana kan hanya, taya ta fashe. Yana jan labarin yadda ya saba, har da kalar motar da ta tsaya ta taimake shi. Sai na ji wata murya a kusa da wayar, siririya, a ƙage: "Baba, ka taƙaita mana, caji saura kaɗan. Kuma wannan ai ka faɗa ran nan."

Muryata ce. Sannan ya ce, "To, Sakatariya, to."

Ya ci gaba da sauri-sauri, kamar mai ba da rahoto. Ya iso asibiti, aka miƙo masa ni. "Na duba fuskar, sai na ce wa uwarta..." Daga nan sai ƙara, fayil ɗin ya yanke. Na mayar sau biyar. Na matse kaina in tuna abin da ya ce, wallahi babu. A gabana ya faɗa, sau biyu ma in maganata gaskiya ce.

Talata, 21 ga Oktoba

Da hutun rana a ofis na buɗe manhajar yanka sauti. Daƙiƙa tara ce maganata. Na yanke ta, na saurara. Sai ga Baba yana cewa "To, Sakatariya, to" ba wanda ya yi masa magana. Duk mai kunne zai san an taɓa. In ana so ya tafi daidai sai an yanke tasa ma.

Na ɗora yatsa a kan maɓallin yankewa na daɗe. Goma sha huɗu na riga na cinye masa. Ban iya ƙara kalma uku a kai ba. Na rufe ban adana ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na faɗa. A falon Mama, kafin Yaya ya gama cire takalmi, don in na jira ba zan iya ba. Har da sau ashirin ɗin, har da ƙaryar kebul.

Yaya ya ce, "Goma sha huɗu?" Ya sake cewa, "Goma sha huɗu." Ya tambaya ko wanda Baba ya lissafa kakanni yana ciki. Ba ya cikin waɗanda suka fito. Ya tashi ya fita tsakar gida, na ji yana ta buɗe famfo yana rufewa. Auta bai tsokane ni ba, ko kalma ɗaya, wannan ya fi zagi ciwo. Na miƙa masa filashi ɗaya, ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun gaba.

Mama ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Shi ya sa kika rame." Sannan ta ce a bari sai gobe, yau ba ta da ƙarfi.

Yaya bai amsa sallamata ba da zan tafi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

An ji. Mama ta zauna a kujerarsa, ta rufe ido. Wani wuri ta yi murmushi, wani wuri ta ce, "Ƙarya yake, akuyar nan ni na yi kiwonta." Na so in tsallake na ashirin da takwas. Ban tsallake ba.

Da muryata ta fito na sunkuyar da kai, kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya ce to, ya yi saurinsa, ya zo "sai na ce wa uwarta," ya yanke. Ƙarar ta cika ɗakin har Auta ya kashe.

Mama ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Cewa ya yi, wannan da fushi ta zo, mun ɓata mata lokaci."

Auta ne ya fara fashewa. Yaya ya riƙe, ya riƙe, ya kasa. Ni ban san ko dariya nake ko kuka ba, duka biyun ne ina ji. Mama ta ce kuma ba taya ce ta fashe ba, mai ne ya ƙare masa, kunya ta hana shi faɗa shekara arba'in. Daga nan ta ɗauko labarin tun daga farko, nata ya fi nasa tsawo, har da abin da makwabciya ta ce da kalar zanin da aka naɗe ni.

Yaya ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya yi min nuni da waya, wai in ɗauka. Maganar farko da ya yi min ke nan tun jiya, ita ma da hannu. Na nuna masa Auta. Auta ya kunna tasa.

Ni dai na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ba wani abu ba ne, bayana ne ke ciwo a kujera. Goma sha huɗun ba su dawo ba, kuma na san Yaya bai gama da ni ba. Baban yara ya ce sau uku ya kira ni a kan ɗauko yara daga gidan ƙanwarsa, wai har biyar ta wuce. Wayar tana cikin jaka, ban ji ba.