Fukata Ba Taka Ba Ce

Zuwa ga jikana, angona, maigidan da ba ya cefane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi wa aikinka albarka, ya tsare mini ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta na kullum. Kawunka tela ya sayi sabon keken ɗinki, amma zanen da na ba shi tun bara yana nan a kan benci, yaransa suna zama a kai.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Matarka ta kira ni. Kada ka yi mata fushi, ni na matse ta. Ta ce fukarka ta tashi, ba ka iya hawa benen wurin aikinku sai ka tsaya ka dafa bango, ƙirjinka yana fito kamar buta a kan wuta. Ta ce duk sanda ta yi maka maganar asibiti sai ka nuna mata shuɗin abin shaƙarka, wai ciwon Kaka ne, Kaka kuwa ta tsufa da shi ba ta mutu ba. Sannu da hikima, likitan gidansu!

Ka san yadda muke a gidan nan. Mu uku ne masu fuka: ni, da kai, da ƙanwarka Auta. Abin shaƙa ɗaya muke da shi, shuɗi irin naka, a rataye cikin tsohuwar safa a ƙusar bayan ƙofa, duk wanda numfashi ya sarƙe wa ya miƙa hannu. Kai kana yaro har kujera kake takawa ka ɗauko. Muna ganin ciwo ɗaya ne, kamar yadda hancinmu yake ɗaya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Watan jiya Auta ta ja ni asibitin ƙirji, don tarin da nake yi ya hana ta sakewa. Likitar yarinya ce, ba ta kai ka ba, mai gilashi da sanyin murya. Ta ce za su duba kakinmu, mu biyun. Aka zaunar da mu a wani ɗan ɗaki mai taga buɗe, aka sa mana wani abu a baki yana fitar da tururin ruwan gishiri, aka ba kowa ɗan kofin roba. Ni da na shekara saba'in ina hana yara tofar da kaki a gaban mutane, ga ni ana roƙona in yi, nas tana yi mini kirari! Na riga Auta, ka faɗa mata na faɗa maka. Ita sai hawaye take yi, kofinta wayam, har sai da aka ƙara mata tururi.

Da muka koma karɓar sakamako, likitar ta yi mana bayani a hankali. Ta ce kaki yana ɗauko wasu ƙananan abubuwa daga hanyar numfashi, furotin ta kira su, ido ba ya ganinsu, kuma su ne suke nuna irin kumburin da ke ciki. Na ce mata ashe sawun ɓarawo suke bi, ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Wai fuka suna ne ɗaya, amma ba iri ɗaya ba ce. Ta Auta irin wadda ke jin maganin kumburi ce, aka ba ta wani abin shaƙa na kullum, safe da yamma. Tawa daban take, ba ta cika jin wannan maganin ba, sai aka sake mini tsari, ta kuma gaya mini gaskiya cewa irin tawa har yanzu ana kan nazarinta. Shuɗin nan namu kuwa, ta ce buɗe hanya kawai yake yi na ɗan lokaci, ya bar ɓarawon a cikin ɗaki.

Na dawo gida na zauna ina kallon ƙusar nan. Jini ɗaya, ɗaki ɗaya, safa ɗaya, ashe kowa da abin da ke cinsa. Kama da wane ba ta wane. Yanzu Auta tana shanya a saman bene ta sauko tana waƙa, muryar dai sai haƙuri, amma numfashin ya isa. Ni ma da sauƙi, ko da yake tsohuwar mota ba ta komawa sabuwa.

Shi ya sa nake gaya maka, angona: ban san wace iri ce taka ba, kai ma ba ka sani ba. In irin ta Auta ce, kana shan wahala a banza ga magani a kusa. In wata ce daban, gara a sani tun kana da ƙarfi. Ka gaji hancina, ka gaji taurin kaina, wannan na yarda. Amma kada ka jingina ranka da tsufana, tsawon kwanana ba takardar likita ba ce. Ka je asibitin ƙirji na wurinku, ka ce su duba irin taka. In sun ba ka kofi, ka cika shi, kada ka kunyata ni. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na sha tsokanarka cewa zan sake miji in ba ka aiko da turare ba. Ka riƙe turarenka. Abu ɗaya nake so a wurinka: ranar da Allah ya yi kirana, kai nake so ka kama makarata ta gaba, ka kai ni har can ba ka tsaya dafa bango ba. Kada ka juya mini tsarin, ba zan iya ba.

Ka gaida matarka, ka gode mata, ta fi ka hankali. Ka shafa mini kan Ƙaramin Dogo da 'yar uwarsa Mai Kuka. Mahaifiyarka da kawunka tela suna gaishe ku. Auta ta ce in gaya maka ta cire safar daga ƙusa, kowa ya riƙe nasa.

Taka har kullum, mai jiran labarin kofinka,

Kakarka.